Jan Ɗigo a Tsakiyar Kogi

Mutumin da idonsa ya ga abu, hannunsa ya zana shi daidai, amma ya rantse zuciyarsa ba ta gane ba, ya gani ne ko bai gani ba? Shekaru masu yawa ina juya wannan tambaya a ƙauyenmu Saulnay, har yau ban samu amsar da ta kwanta mini ba. Abin da na sani kawai shi ne yadda abin ya faru.

Wata Talata ce cikin watan Yuni na 1885. Mata masu wanki suka sauko bakin kogin Oise da kwandunansu, suka tarar da mutum maƙale a saiwar bishiya, fuskarsa a ruwa. Da suka juya shi sai suka ga Anselme Courtial ne, mai zanen nan da ya shekara tara yana zana kogin nan ɗaya ba ya gajiya.

Kafin rana ta take, Sufeto Delattre ya sauka daga jirgin ƙasa a tsallake. Dogo ne, marar yawan magana. Jirgin fito yana jiransa.

"Kai ne mai fiton?"

"Shekara talatin da huɗu, Yallaɓai. Gaspard Tellier. Zauna a tsakiya ka riƙe hular nan, kada ruwa ya tafi da ita har birnin Rouen ya bar ka."

Tsohon ya kafa gora, jirgin ya motsa. Akwai baƙin ƙyallen makoki ɗaure a hannun rigarsa, rana ta koɗar da shi.

"Ka san mamacin?"

"Wa bai san shi ba? Ga ɗakinsa can." Ya nuna da haɓa wani jirgi mai rumfa da aka ɗaure kusa da tsibiri. "Can yake wuni yana ɓata ƙyalle."

"Da safen nan ka ga wani abu?"

"Hazo na gani. Ban kwance igiya ba sai da ƙararrawar coci ta buga bakwai."

"Ba ka son zanensa, na ji alama."

"Ni ban san zane ba, Yallaɓai. Amma kajina in suka taka fenti suka bi ta kan ƙyalle, irinsa za su yi."

Sufeto yana kallon gorar. Duk lokacin da ta fito daga ruwa, akwai wani wuri kusa da ƙarshenta mai shuɗi-shuɗi, inda ruwa yake gangarewa bai jiƙa itacen ba.

"Mene ne wannan?"

"Fentinsa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar mutumin nan sai ya kwashi rabonsa. Dubi bencin da kake kai."

Gaskiya ne, bencin duk tabon launi ne, tsofaffi, busassu.

An kwantar da gawar a ɗakin baya na masaukin Madam Huguet. Likita ya gama dubawa, Brochet ɗan sandan ƙauye yana tsaye da littafinsa.

"Ruwa ne ya ci shi," in ji likita. "Bai iya iyo ba, kowa ya sani. Amma dubi nan."

A tsakiyar ƙirjin akwai wani baƙin tabo zagayayye, kamar bakin ƙaramin kofi. Sufeto ya buɗe tafin hannayen. Shuɗin fenti ya ja layi daga tsintsiyar hannu har zuwa kan yatsu, dukkan biyun.

"Ya riƙe wani abu," in ji shi, "aka zare shi daga hannunsa."

"Na biyu ke nan a wuri ɗaya," in ji Brochet yana girgiza kai.

"Na farkon fa?"

"Odile, 'yar mai fito. Bara, tara ga Agusta, wajen ƙarfe bakwai na safe. Shekararta goma sha tara. Za ta kai wanki tsallake cikin kwalekwale, ya kife. Ba wanda ya gani. Marigayin nan ma mun tambaye shi, tunda kullum yana kan ruwa a lokacin, ya ce zazzaɓi ya kwantar da shi ranar. Ga shi a rubuce, ya sa hannu."

A zauren cin abinci suka sami Firmin Lavaud, abokin mamacin, shi ma mai zane. Burodi da cuku suna gabansa bai taɓa ba, amma kwalbar giya ta yi rabi.

"Yaya kuke da shi?" Sufeto ya tambaya.

"Tun muna samari a Paris, riga ɗaya muke karɓa-karɓa. Ba mu taɓa ko da musu ba."

"Kai, Firmin, ji tsoron Allah!" Madam Huguet ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Ranar Lahadi waye ya fasa mini kofi a kan teburin nan yana ihu, ƙona shi, ƙona shi? Kakata ce?"

"Ke dai miyarki tana ƙonewa, uwar gulma."

"Me za a ƙona?" in ji Sufeto.

Firmin ya daɗe yana kallon kwalbar. Sannan ya miƙe. "Zo in nuna maka. A baki ba za ka gane ba."

Ya tuƙa su cikin kwalekwalensa zuwa jirgin mai rumfa. Ɗan kwalekwalen Anselme yana ɗaure a jiki, ba abin da ya same shi. A ciki, wani zane da aka fara yana jingine, fentinsa ɗanye, buroshi a ƙasa. A gefe akwai akwati mai tsagi-tsagi, kowane tsagi da ƙyallensa a kan katako.

"Ku 'yan birni kuna zaton kogi launi ɗaya ne," in ji Firmin. "Kogin ƙarfe shida daban, na ƙarfe bakwai daban. Anselme yakan ba kowane lokaci ƙyallensa. Haske ya sauya, ya ajiye wannan ya ɗauki wancan. Wani hasken minti goma ne, in ya wuce sai gobe, wataƙila sai baɗi. A bayan ƙyallen yake rubuta rana da lokaci."

"In ya koma gida yakan gyara?"

"Anselme? Ya gwammace a yanke masa hannu. Abin alfaharinsa ke nan: bai taɓa ɗora ɗigo ɗaya da idonsa bai gani a kan ruwa ba. Mu sauran mukan ɗan yi ha'inci a ɗaki. Shi ko kusa."

Sufeto ya bi tsagin da yatsa. Ɗaya babu komai a ciki. A kan katakon an rubuta da fensir: Agusta, bakwai.

"Wannan ka ce ya ƙona?"

"Shi ne. Wani dillali daga Paris ya gan shi a watan jiya, ya haukace, ya ce sai an kai shi baje koli. Shi ne mafi kyawun abin da Anselme ya taɓa yi, wallahi. Shi ya sa ya kasa ƙona shi."

"Me ke ciki?"

"Kogi." Firmin ya share ido da bayan hannu. "Je ka wurin ƙanwarsa Léonie. In ta nuna maka, kada ka kafa hanci a kai kamar 'yan jarida. Ja da baya."

Gidan su Courtial yana kan tudu, lambunsa yana gangarowa har bakin ruwa. A jikin shingen da ke fuskantar kogi an jera zane shida suna shan rana. Tsakanin na uku da na huɗu akwai fili, ciyawar wurin a kwance.

Léonie Courtial ta fito cikin baƙaƙen kayan makoki. Ta haura hamsin, ba ta taɓa aure ba. Ita ke dafa wa yayanta abinci, ita ke wanke masa buroshi.

"Sannu da rashi, Madam. Me ya sa aka shanya su?"

"Fentin mai in ya daɗe a duhu yakan yi rawaya. Kwana biyu a rana sai ya dawo. Yau ma na fito da su, ban san me zan yi da hannuna ba."

"Na wurin nan fa?"

"An aika da shi Paris."

"Na aika an tambaya a tasha kafin in hawo nan. Ba akwatin da ya fita daga ƙauyen nan tun watan Mayu."

Ta tsaya cik. Ta shiga gida, ta daɗe, sannan ta dawo rungume da zanen, fuskarsa a jikin ƙirjinta. A baya, da rubutun Anselme: 9 Agusta 1884, ƙarfe bakwai.

"Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi," in ji Sufeto.

Ta miƙa masa zanen.

Ya karɓa ya juya. Bai ga wani abu ba sai gutsi-gutsin launi: shuɗi, fari, ruwan zuma, kore, an dangwala su kusa da juna kamar da gaggawa. Wajen tsakiya akwai jan ɗigo, girman ƙwayar wake, da wani ɗan farin layi a samansa. Ya tuna da kajin mai fito.

Sai ya mayar da zanen gurbinsa a jikin shinge, ya fara ja da baya yana gangarawa. Taku goma, launukan suka fara haɗuwa. Taku ashirin, ya ga ruwa, ruwa na gaske mai motsi, rana tana fasa hazo a kansa. Ya ci gaba har dugadugansa suka taɓa taɓon bakin kogi.

Nan ya gan ta. Jan kallabi a kan ruwa. Hannu ɗaya a ɗage. A gefe, wani duhun da ya ɗauka inuwa ce, bayan kwalekwale ne a kife.

Sufeto ya cire hularsa. Ya juya ya dubi kogin a bayansa. Jirgin fito yana tsakiya, daidai saitin shingen, ɗauke da wata mata da kwandon kabeji.

Ya hau tudun a hankali.

"Yaushe kika fara shanya shi?"

"Jiya." Ta dubi zanen. "Wuni guda. Ni na fito da shi, Yallaɓai. Na jera shi da sauran kamar kowane. Shekara tara Gaspard yana wuce shingen nan bai taɓa ɗaga kai ba."

"Kin san abin da ke ciki?"

"Ranar da abin ya faru, Anselme ya dawo yana murna, ya ce ya kama hasken da yake nema tun shekara uku. Ya jingina shi a bangon lambu, muka ja da baya mu kalla tare. A lokacin ne muka ji kururuwa daga bakin ruwa." Ta dafa shingen. "Ya yi amai a wurin nan da kake tsaye. Ni na ce masa ya ce zazzaɓi. Na ce yarinya ta riga ta tafi, me gaskiya za ta dawo da shi? Tun daga nan bai ƙara barcin kirki ba."

"Yana iya cetonta?"

"Bai iya iyo ba."

"Amma akwai kwalekwale ɗaure a jikin jirginsa."

Ta rufe fuska da hannu biyu.

Da la'asar Sufeto da Brochet suka sauka mashigin fito. Gaspard yana zaune a bakin jirginsa, gorar a kan cinyarsa, yana gogar shuɗin nan da yashi da ruwa.

"Ba zai fita ba, dattijo," in ji Sufeto. "Fentin mai ne. Ruwa ƙara baza shi yake yi. Na kan benci ya bushe tun bara. Wannan na yau ne."

Tsohon ya dubi gorar, ya ɗan yi dariya marar daɗi. "Ni duk abin da na sani a duniya, ruwa na wanke shi."

"Ka kwance igiya kafin bakwai."

"Kafin shida."

Sufeto ya zauna a kan turken da ake ɗaure jirgi. "Ina jin ka."

"Jiya ina tsakiyar kogi da buhunan mai niƙa, rana ta bugi shingen can, na ɗaga kai. Sai ga 'yata. Kallabin da na sayo mata a kasuwar Pontoise. Wata goma ina tambayar kaina yadda ta tafi, ko ta yi kira, ko ta sha wahala. Ga amsa an jingina a shinge tana shan rana. Na tsallaka sau goma sha tara jiya, Yallaɓai. Sau goma sha tara na gan ta tana ɗaga mini hannu."

Brochet ya daina rubutu. Sufeto ya yi masa alama ya ci gaba.

"Da gari ya waye na je jirginsa. Ban je don in kashe shi ba, Allah ya sani. Na ce, Malam Anselme, ka gan ta? Bai yi mini ƙarya ba. Ya ajiye buroshi ya ce, Gaspard, na ga ja, na ga fari. Ya ce hasken yana gudu, hannunsa yana binsa, ja ya bayyana inda yake bukatar ja, ya ɗora. Ya ce bai san mutum ba ne sai da ya ja da baya a gida."

"Ka yarda?"

"Na ce, ba ta yi ihu ba? Ya ce, wataƙila na ji wani abu. Wataƙila!" Tsohon ya buga gorar a ƙasa. "Na ce, jan nan minti nawa ya yi a kan ruwa? Ya ce ya isa ya haɗa launin. Ka ji? Ya tsaya ya haɗa launin. Bai yi masa ba, ya ƙara wani abu, ya sake dubawa."

Ya yi numfashi.

"Sai gorar ta tafi. Sau ɗaya, a ƙirji. Ya faɗa. Ya taso ya kama ta da hannu biyu. Da na ja, da yanzu yana gida yana shan miya."

"Amma ka zare."

"Na zare. Na tsaya ina kallo. Ya ɗaga hannu, kamar yadda ta ɗaga." Hawaye suka gangaro cikin gemunsa. "Shi yana iya cewa bai gane ba. Ni na gane. Na san mutum ne, na san sunansa, shekara tara ina ɗaukarsa. Gora tana hannuna, Yallaɓai. Ka gaya mini, cikinmu wa ya fi?"

Sufeto ya miƙe.

"Gaspard Tellier, na kama ka da laifin kisan Anselme Courtial."

Tsohon ya miƙa hannu da kansa, Brochet ya sa masa ankwa yana kau da kai.

"Abu ɗaya nake roƙo. Ba ni da hotonta, ba mu taɓa zuwa wurin mai hoto ba. In sake ganin zanen nan sau ɗaya."

"Za ka gan shi a kotu. Shaida ce."

"A kotu za su ajiye shi a gabana, taku biyu. Ba za ta fito ba."

Sufeto ya dubi agogonsa. Saura rabin awa jirgin ƙasa ya iso. Ya hau tudun shi kaɗai. An kwashe zanen duka daga shinge. Léonie ta buɗe ƙofa kaɗan, ya gaya mata wanda ya yi kisan, ya gaya mata roƙon.

"Ya zare gorar?" ta ce. "Yana riƙe da ita ya zare?"

"Haka ya ce."

"To ka gaya masa sai dai ya gan ta a lahira. In kotu na so ta aiko a ɗauka. Ni da hannuna ba zan nuna masa ba."

Ta rufe ƙofar, ya ji ta sa sakata.

Da ya dawo mashigi, Gaspard ya dubi fuskarsa bai tambaya ba. Suka shiga jirgin. Mutanen ƙauye sun taru a bakin ruwa, suna ta surutu. Brochet ne ya ɗauki gora, jirgin ya dinga karkata.

"Kafa ta a baya, ɗan nan," in ji tsohon a gajiye. "Ba miya kake damawa ba."

Ya zauna a tsakiya, inda yake zaunar da baƙi, kansa a sunkuye. Sun kusa rabin kogi sai Sufeto ya ji hayaniyar mutanen bakin ruwa ta ɗauke gaba ɗaya. Ya waiga.

Léonie tana gangarowa cikin lambu, zanen a rungume. Ta wuce shinge. Ta tsaya, ta auna nisan jirgin da ido kamar yadda ta ga yayanta yana yi, ta koma baya taku uku, ta karkata don rana ta faɗa a kai. Sannan ta juya shi, ta ɗaga sama da hannu biyu har ya rufe mata fuska.

"Brochet," in ji Sufeto a hankali, "tsayar da jirgin."

Ya taɓa kafaɗar tsohon. Gaspard ya ɗaga kai.

Daga tsallake jirgin ƙasa ya yi kuka, ya sake yi. Hannuwan Léonie suna rawa, ana gani tun daga tsakiyar kogi, amma ba ta sauke ba.